Aron Rariya

Mashkura ta gama wankan jego, ta yi arba'in, ta zaga dangi da jaririnta Ja'afar har cikin Rabah. Daga nan kowa a gidan Malam Mode na Rara ya zuba ido ya ga an fara ɗaure kaya. Mijinta Sa'adu yana can Ikko yana sayar da albasa, kuma ya riga ya aiko cewa yana nan tafe ya ɗauki iyalinsa. Amma kwanaki suka yi ta wucewa, ko zane ɗaya Mashkura ba ta ninke ba.

Uwarta Hauwa'u ba mace ce mai kwana da magana a ciki ba. Wata safiya tana dama kunu ta ɗago kai ta ce, "Auta, wai mi kika jira? Ko sai mutumen ya iso kana ki hwara biɗar ɗankwali?"

"Inna, ni ba ni komawa."

Hauwa'u ta ajiye ludayi. Ta yi tambayoyin da kowace uwa za ta yi. Ya buge ki? A'a. Ya bar ki da yunwa? A'a. Ya zagi iyayenki? Mashkura ta girgiza kai, har ta ɗan ɓata rai da aka yi wa mijinta wannan zato.

"Shi ba shi da laihi, Inna. Garin na."

Sai ta kwance bakin jaka. Gidan da suke haya a Ikko dogo ne, ɗakuna suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, famfo ɗaya, madafa ɗaya. Akwai Yarabawa, akwai Ibo, akwai mutanen da ita ba ta ma san sunan yarensu ba. Kashegarin saukarta tana amarya ta yi abin da aka koya mata. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miya ta ji man shanun da ta je da shi daga gida, ta zuba a sababbin kwanoninta, ta bi ƙofa ƙofa da sallama. Wasu suka leƙo da ido ɗaya suka ce sun ƙoshi. Wata ta karɓa da murmushi, da la'asar Mashkura ta ga tuwon a cikin kwandon shara. Matar da ɗakinta ke kallon nasu, wata tela da ake kira Iya Ronke, sai da ta tare Sa'adu ta tambaye shi abin da matarsa take nema a wurinsu.

"Na sake gwadawa da layya, nik kai masu nama," in ji Mashkura. "Haka dai. Daga nan nij ja ƙohwata. Ran da zazzaɓi yak kada ni da cikin yaron ga, wuni niy yi kwance ina jin takalmansu suna wucewa. Ko mutum guda bai ƙwanƙwasa ba. Inna, in na koma wani abu yas samu yaron ga, shi yana kasuwa, wa za ni kira?"

Abin da ya fara taso wa Hauwa'u fushi ne. Tuwon 'yarta a kwandon shara! Tuwon da ita da kanta ta tsaya a kan yarinyar har ta iya shi, babu gudaji, babu ƙauri. Da a ce Ikko kusa take kamar Goronyo, da a ranar ta hau babur ta je ta ji ba'asi. Amma da fushin ya lafa sai tsoro ya maye gurbinsa, don tambayar yarinyar gaskiya ce, kuma ba ta da amsarta.

Malam Mode shi bai ga abin dogon zance ba. Da ta kai masa maganar bayan ya dawo daga fadama, sai ya ce mace da mijinta aka sani. Sa'adu ba zai bar kasuwa ya dawo ba, gonar ubansa da aka raba wa 'ya'ya ko rabin shekara ba za ta ci da gida ba. In ita ba ta zuwa, shi ba ya dawowa, to sai a ce me? Hauwa'u ta san abin da za a ce. Ta ga irin wannan aure a Rara ba ɗaya ba, ba biyu ba: miji a kurmi, mata a gida, a fara da waya kullum, a koma sai Juma'a, daga nan sai a ji igiya ta tsinke babu wanda ya ja ta. Ba ta son wannan ga autarta. Ba ta kuma son ta tura ta inda za ta kwanta ciwo a rasa mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Ta yi ta juya abin a ranta har aka ga ta rage surutu, abin da ya sa kajin gidan ma suka sami sauƙi. Rannan da hantsi, an kawo niƙa daga inji, sai ta ce, "Auta, leƙa gidan Habi ki aro mani rariya."

Habi ita ce maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su. Mashkura ta saɓa goyo tana gunaguni. Tun tana da wayon riƙe abu ake aikenta wannan aro, ga shi har ta haihu ba a daina ba. Da ta dawo ta miƙa rariyar ta ce, "Wai Inna, gida mai rumbu biyu, a ce rariya ta gagare mu? Shekara da shekaru! Ko kunya ba ki ji?"

"Biyo ni," in ji Hauwa'u.

Ta shige ɗaki, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. Da ta ɗaga murfin sai ga rariya har uku a jere, babu wadda gari ya taɓa taɓawa. Ɗaya ma gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta.

Mashkura ta dubi kwalla, ta dubi uwarta.

Hauwa'u ta zauna bakin gado ta ba ta labari. Lokacin da aka kawo ta amarya daga Giyawa, kayan ɗakinta sai da aka yi zancensu a unguwa. Ba ta rasa komai ba, don haka ba ta shiga gidan kowa ba sai gaisuwa. Habi kuwa ko gaisuwar ba ta amsawa da kyau, tana kiranta 'yar Giyawa mai ji da kai. Hauwa'u ta aika mata da fura, aka dawo da ita wai ba a sha da tsami. Ana nan rannan rariyarta ta yage tana tsakiyar tankaɗe, ga baƙi a zaure. Dole ta sa ta leƙa ta kan katanga ta ce a ara mata. Habin da ba ta dariya sai ga ta ta miƙo rariya, ta tsaya tana koya mata yadda ake riƙe ta, kamar an ce mata Giyawa ba a tankaɗe.

"Nib bar ta tak koya mani," in ji Hauwa'u. "Ran kasuwa babanki yas sawo sabuwa, nis saka ta nan. Waɗanga biyun kyauta anka yi mani daga baya. To Habin ga ita tak karɓi haihuwarki. Ita tak kwana da ni shekarar da babanki yay yi jinya."

"Ita ba ta sani ba?"

"Ta sani mana! Gishirin da taka aikowa a ɗiba nan, ke kina cewa babu ɗakinta?"

Mashkura ta yi dariyar da ba ta yi niyya ba, har jaririn ya motsa a bayanta.

"Ke kuskure guda kinka yi," Hauwa'u ta ci gaba. "Kin tahi gari kina baƙuwa, kinka hwara da kyauta. Nan gida an san uwarki, an san kakarki, shi yas sa aka cin tuwonki ido ruhe. Can wa yas san ki? Wanda bai san ki ba, in kin miƙa mashi tuwo, tambayar kai shikai, mi tas saka ciki, mi taka so in biya. Amma in kin ce ara mani, kin ɗora shi sama. Shi ad da, ke babu. Ba a jin tsoron wanda yaz zo aro."

"Ɗiyar Malam Mode ta bi ƙohwa tana roƙo?"

"Aro ba roƙo ba na. Kuma da ladabinai. Ki ari ƙaramin abu, wanda ko ya ɓace ba a kuka. Ki mai da shi tun ba a tuna ba, ya hi yadda anka ba ki tsabta. Kada ki mai da shi hannu wohi, amma kada ki kai dahwahwe. Mijinki albasa yaka saidawa, ki ɗora guda bisa."

"Inna, Ikko ba Rara ba ta. In sun ce babu hwa?"

"Sun ce babu. Kin mutu?"

Mashkura ta riƙa murza gefen zanenta. A fuskarta Hauwa'u ta ga ba ta yarda ba, ta ga kuma tana son ta yarda, don tana son mijinta. Sai uwar ta yi mata alkawari: ta koma ta gwada zuwa babbar Sallah. In har lokacin gidan yana nan yadda ta bar shi, ta taho, ita Hauwa'u za ta tsaya gaban Malam Mode ta ce ba inda 'yarta za ta sake zuwa, kome zai faru ya faru.

Da Sa'adu ya iso, ya durƙusa daga bakin zana ya gai da surukarsa, ya koma zaure wurin Malam Mode. Hauwa'u tana tsakar gida tana jin su. Malam ya tambaye shi wai me Ikko ta rasa, garin da aka ce har gada ake yi a kan teku. Sa'adu ya jero masa: cunkoson motoci, tsadar haya, wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama, ruwan sama in ya sauka unguwa ta zama fadama. Ya ce da za a gyara waɗannan, da babu gari kamarta. Hauwa'u ta yi tsaki a hankali. Ita dai a ganinta ko an shimfiɗa wa garin kwalta har cikin ɗaki, matuƙar mutum zai wuni kwance ba a leƙa shi ba, da sauran aiki. Amma ba a tsoma baki a zancen suruki, sai ta ci gaba da ƙulle daddawa da kuka a leda.

Suka tafi, gida ya yi faɗi.

Waya a Rara ba ko'ina take kamawa ba, sai an fita bayan gida wajen wata tsohuwar tsamiya. Nan Hauwa'u take zuwa ta tsaya da 'yar wayarta a kunne. Labarin farko da ta samu bai yi daɗi ba. Mashkura ta ɓoye ashanarta ta je aro ɗakin farko, matar ta nuna mata titi ta ce akwai shago. Ta gwada wani ɗakin da tsintsiya, aka rufe ƙofa tun ba ta gama haɗa 'yan kalmominta na Turancin kasuwa ba. Tana faɗa tana kuka. Hauwa'u ta ce ta yi haƙuri ta sake gwadawa, amma da ta kashe waya sai ta fara zargin kanta. Ta ji kamar ita ta ɗauki 'yarta ta kai a wulaƙanta.

A makon nan ta sa aka yi wa ɗakin da Mashkura ta yi jego sabon yaɓe. Ta ware zakara biyu na tarbar 'yarta ta fara ba su dusa da gero. Gaskiyar da ba za ta faɗa wa kowa ba ita ce, wani ɓangare na zuciyarta so yake dabarar ta ƙi ci. In ta ƙi, autarta za ta dawo, Ja'afar zai yi rarrafe a tsakar gidan nan, ya yi tafiyar farko a gabanta. Ta san son kai ne, tana istigfari, amma ba ta daina ba zakarun gero ba.

Sai labari ya fara sauyawa. Mashkura ta je wurin Iya Ronke, telar nan, ta ari almakashi za ta yanka wa yaro tsumma. Matar ta miƙo shi ta tsakanin ƙofa da yatsa biyu. Kafin azahar Mashkura ta mayar, ta goge shi da mai, da albasa guda a kai, irin ta fadamar Goronyo mai cika hannu. Iya Ronke ta juya albasar, ta shinshina, ta tambayi ta ina ce. Bayan kwana biyu ta ƙwanƙwasa da kanta, wai ko akwai ƙaramin turmi.

"Kin ba ta?" in ji Hauwa'u.

"Na ba ta. Har nib bari tak koya mani daka."

Hauwa'u ta yi dariya a gindin tsamiya har wani mai jaki da ke wucewa ya waiwayo.

Daga nan waya ta fara gajarta. In Hauwa'u ta kira, sai ta ji hayaniya a bayan muryar 'yarta, ana kiran sunanta a karkace, ita kuma tana cewa tana zuwa. Wani lokaci ma ba a ɗauka. Hauwa'u ta riƙa yi wa Habi ƙorafi ta kan katanga cewa 'ya'yan yanzu ba su da kirki, ka haife su ka yi musu wanka su manta da kai. Habi ta ce ai rashin kira ma labari ne.

Sallah ta matso, an fara kai raguna kasuwar Goronyo, ba a ce ga ranar tasowar Mashkura ba. Wata safiya Hauwa'u ta gaji da jira ta nufi tsamiya. Wayar ta yi ta ƙara, can aka ɗauka, sai ta ji wata baƙuwar murya mai kauri.

"Mama, sannu! Mashukura yana wanka. Jafaru yana bayana, yana barci."

Hauwa'u ta cire wayar daga kunne ta dube ta. Jikanta a bayan wa? Kafin ta haɗa tambaya sai ga muryar Mashkura tana haki, ta ce Iya Ronke ce. Suka gaisa. Sannan yarinyar ta ce akwai abin da ba ta faɗa ba don kada hankalin Inna ya tashi, amma yanzu ya wuce.

Makon jiya da rana tsaka zazzaɓi ya rufe yaron, jikinsa ya sanƙare, idonsa ya kafe. Sa'adu yana kasuwa. Ita kuwa ta ruɗe, ko ihu ta kasa, tana zaune a ƙasa da shi a hannu. Sai aka ƙwanƙwasa. Iya Ronke ce, ta ga hantsi ya wuce ba a dawo mata da bokitin da Mashkura ta ara ba, alhali yarinyar ba ta taɓa makara ba. Da ta ji shiru ta turo ƙofa. Ita ta fizge yaron, ita ta ƙwala wa mai babur ɗin ɗakin ƙarshe kira, matar nan da ta taɓa nuna mata shago kuma ita ta bi su asibiti da zane da ruwan zafi. Kafin Sa'adu ya iso har an yi wa yaron allura ya buɗe ido.

Hauwa'u ta nemi saiwar tsamiya ta zauna. "Yanzu hwa?"

"Ya warke sarai, har ya hwara rarrahe. Inna, kin jawo mani aiki. Gidan ga yanzu kowa aro wurin kowa, ni ban ma san ɗakin da tukunyata take ba." Ta yi dariya, sannan muryarta ta sauka. "Inna, Sallah ba ni samun zuwa. Akwai wata yarinya ɗakin kusa da hwamho, haihuwa yau ko gobe, uwatta na nesa, ta ce ni za ni tsaya mata. Kuma sun ce bana tuwona za su ci, har Iya Ronke ta ce ita ka yin miya. Ki yi hanƙuri."

Hauwa'u ta so ta ce ai an yi wa ɗaki yaɓe. Ta so ta ce yaron ya fara rarrafe ita ba ta gani ba.

"Ki tsaya mata da kyau," ta ce. "Ruwan wankan ya tahwasa ƙwarai kana ki surka. Tuwon kuma kada ki ba ni kunya."

Ta daɗe a gindin tsamiya bayan an kashe waya. Ta yi kukanta, na kewa da na daɗi a haɗe, ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe. Da ta shigo gida Malam Mode yana tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya dubi idonta ya ajiye aikin.

"Lahiya? Yaushe za su taso?"

"Ba ta zuwa."

"Shi yah hana ta?"

"A'a," in ji Hauwa'u. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga ta ratsa unguwa, don labari irin wannan ba na mutum biyu ba ne. "Mutanenta sunka hana ta. Ɗiyata ta yi mutane Ikko, Malam. Gida guda cur, sun ce ba su Sallah sai da ita."